Hannun da Muka Ba da Aro

Bahaushen farko da na haɗu da shi a ƙasar Japan shi ya fara cuta ta. Sabo sunansa, ko kuma haka ya ce mini, mutumin cikin birnin Kano. Shi ya tarye ni a filin jirgi, ya rungume ni yana cewa, "Ɗan Kura! Ina shinkafar da ka riƙo mana?" Na yi dariya har da ƙwalla, domin tun da na bar Legas ban ji kalma ɗaya ta Hausa ba. Ya karɓi jakata ya rataya, ya karɓi fasfo ɗina ya ce zai adana mini don garin da ɓarayi. Daga baya na gane a duk garin ɓarawo ɗaya ne, kuma shi ne yake riƙe da jakata.

Hannuna na dama ne ya kai ni can. A ƙauyenmu da ke bakin babban kanal na ban ruwa tsakanin Kura da Bunkure, duk yaro sai ya yi gadin tsuntsu. In shinkafa ta fitar da kai, jan-baki sukan sauko garke-garke, a tura mu gona tun da sassafe da gwangwanaye da majajjawa. Ni ban taɓa iya majajjawa ba, sai dai in cura laka in yi jifa da hannu, kuma curina yakan wuce na masu majajjawar. A sakandare wani ɗan bautar ƙasa mai koyar da motsa jiki ya gan ni ina kakkaɓo mangwaro, ya miƙo mini wata farar ƙwallo mai jan ɗinki, girmanta kamar lemon zaƙi, ga tauri. Ya ce sunan wasan besbol: mutum ɗaya ya jefa, wani ya tsaya da kulki yana neman ya doke ta, gwanin jifa shi ne wanda ake kai wa ƙwallonsa duka ana dukan iska. Daga makaranta na shiga ƙungiyar jiha, daga nan aka kira ni sansanin ƙasa, a can wani baƙo ɗan Japan ya gan ni ya ce wani kulob zai gwada ni. Sabo shi ne wanda aka ce zai karɓe ni ya miƙa ni.

Baba bai taɓa ganin wasan ba, bai kuma nemi gani ba. Da na gaya masa, sai ya kama damtsena ya matsa kamar mai taya sa a kara, ya ce, "Nafi'u, ni ƙarfina ya ja baya, ƙannenka duk mata ne. Hannun nan shi ne fartanyar gidan nan. Aro muka ba su. Ka dawo mana da shi yadda ka tafi da shi." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Masaukina na farko wani fili ne a bayan birni inda ake farke tsofaffin motoci a loda injinansu a kwantena zuwa Afirka. Sabo ya ce lokacin sanyi ne, ba a wasa, in ɗan riƙa taɓa aiki kafin a buɗe fage. Na kwana a cikin kwantena mai ƙaramar taga, na tashi na kama sifana. Sanyin ƙasar ba irin namu ba ne da ake jin daɗin wuta da hira. Shiga ƙashi yake, kuma babu wanda za ka ce wa "Ya sanyi?" ya ce maka "Lokacinsa ne." Abin da ya fi ci mini rai ke nan, rashin gaisuwa. Ranar hutu nakan hau jirgin ƙasa don kawai in ga mutane, tarago cike maƙil, amma shiru kamar ana zaman makoki. Sau ɗaya na yi wa wani dattijo sallama na durƙusa kaɗan, sai ya tashi ya ba ni kujerarsa ya koma can nesa, ya ɗauka ba ni da lafiya.

A filin akwai wani dattijo ɗan Bangaladash, Malam Rashidu, mai yanka ƙarfe da wuta. Shi ya nuna mini alƙibla, shi yake kirana in ya dafa shinkafa da miyar wake mu ci da hannu. Turancinsa guntu, nawa guntu, muka haɗa guntayen muka rayu. Da yamma yakan zauna a kan taya yana kallona ina jefa ƙwallo a bangon kwantena, in ta yi ƙara ya girgiza kai ya ce, "Masha Allah." Wata rana, bayan itatuwa sun yi fure har furen ya zube, ya ja ni ɗakin cin abincin direbobi ya nuna mini talabijin. Ga wasanmu nan ana yi, fili cike da jama'a. Ya ce an fi wata da farawa.

Ban iya cin abinci ba ran nan. Da Sabo ya zo da yamma a motarsa, Malam Rashidu da wasu 'yan ƙasarsu uku suka tsaya a gaban motar, ba zagi ba ihu, suka harɗe hannu kawai. Sabo ya leƙo ya ce mini da Hausa, "Haba ɗan'uwa, ka haɗa ni da bare?" Na ce, "Fasfo ɗina." Ya ce wasan nan ba zai ba ni ko sisi ba, shi gata ya yi mini. Na sake cewa, "Fasfo ɗina." Ya wurgo mini ta taga. Ban sake jin Hausa daga bakin mutum ido da ido ba sai da na dawo gida.

Kulob ɗin da ya gayyace ni ya riga ya cike gurbinsa. Amma Malam Rashidu ya san wani direban tirela da ke ɗauko motoci daga wani tsibiri a kudu, shi ya ce akwai ƙaramin kulob a can da ke gwada duk wanda ya zo. Malam Rashidu ya ƙulle mini shinkafa a leda, ya tofa mini addu'a a ka, na hau gaban tirela. Muka yi ta tafiya ni da direban ba mai jin maganar wani. In ya ga na yi tagumi sai ya miƙo mini alawa.

Da gari ya waye muka gangaro wani kwari tsakanin duwatsu da teku. Na sauke gilashi, sai warin laka ya buge ni. Gonakin shinkafa ne, an gama dashe, ruwa kwance a fangali, ga ƙananan magudanai na siminti kamar na wajenmu. Na juya fuska wajen taga na yi kuka sosai, direban ya ƙara ƙarar rediyo don kada in ji kunya.

A nan na sadu da mutumin da nake son ba da labarinsa. Kocin masu jifa ne, tsoho, gajere, furfura kamar an zuba masa gari. Hannunsa na dama kullum a lanƙwashe yake a kan cikinsa kamar mai riƙon wani abu a cikin riga, komai da hagu yake yi. Sunansa ya yi wa harshena nauyi, kuma a wajenmu ba a kiran sunan babba gatsal, sai na sa masa Baba Shiru. Da ya tambayi ma'anar aka fassara masa, bai ce komai ba, wanda ya nuna sunan ya dace.

Ya tsaya a bayana na yi jifa. Mai cafke ƙwallon ya cire safar hannunsa yana yarfe yatsu. Baba Shiru ya sa wani ɗan wasa mai ɗan Turanci ya tambaye ni wa ya koya mini. Na ce tsuntsaye. Ya yi dariya, kuma ita ce dariyarsa ta farko da ta ƙarshe da na gani. Sannan ya ce, "Hannunka yana aiki, ƙafafunka suna barci. Mai jifa da hannu kaɗai, hannun ba ya daɗewa."

Aka ɗauke ni, aka gyara mini takardu, aka ba ni ɗaki a saman wani shagon gyaran keke. Na ɗauka gobe zan fara wasa. Sai ga shi makonni ina gudu a kan gaɓar gonaki, ina kaɗa tawul a iska maimakon ƙwallo, ina tsayuwa da ƙafa ɗaya kamar zalɓe. Da ya yarda na fara jifa, yana da wani ɗan ƙarfe a hagunsa mai ƙirga, yana latsawa kamar mai jan carbi. Da adadin ya cika sai ya tako ya zare ƙwallon daga hannuna ya sa a aljihu, ko da kuwa lokacin jikina ya fara daɗi. Na sha yi masa gunaguni da Hausa. A gona tun hantsi har la'asar nake jifa ba wanda ya taɓa ƙirga mini.

Matar da ke dafa mana abinci, wata gwaggo mai yawan surutu da ta koyi ware mini tukunya ba naman alade, ita ta ba ni tarihinsa, rabi da baki rabi da hannu. Yana ɗan makaranta duk ƙasar ta san shi. A wata gasar bazara ya yi ta jifa kullum ba hutu, malaminsa na cewa ya daure, jama'a na tafi, har hannun ya lanƙwashe. Ya ɗan taɓa wasa a babban kulob, abin bai yi nisa ba. Sai ya koma koci, ya yi shekara da shekaru a manyan kulob-kulob na birni, ya fitar da 'yan wasan da ake gani a talabijin. Amma duk inda ya je sai ya yi rigima da shugabanni a kan hutar da masu jifa. Suna son nasarar yau, shi yana lissafin hannun yaro nan da shekara goma. Daga babban kulob aka mai da shi ƙaramin reshe, daga nan wani gari, daga nan wani, har ya gangaro wannan kwarin. Matarsa ta rasu, ba ɗa ba jika. Gwaggon ta nuna ƙasa da ludayi, ta ce daga nan babu sauran wurin gangarawa.

Kowace safiya yakan jera mu, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, ya dafa kafaɗar mutum ya ce, "Ya take?" Yaransu ma ɓoye ciwo suke yi, sun iya dauriya kamar Fulanin sharo. Amma ya san su sarai. In ɗan ƙasarsu lafiyarsa ƙalau, zai dube shi ya amsa da ƙarfi. In yana ɓoye wani abu sai ya sunkuyar da kai, nan take Baba Shiru zai ce ya ajiye safar hannu. Ni kuwa kaina kullum a sunkuye yake a gabansa. Da farko ya yi ta tura ni hutu ba dalili, har aka yi masa bayanin cewa a ƙasarmu yaro ba ya haɗa ido da babba. Daga nan ya daina karanta sunkuyona, ya koma yarda da bakina.

Bakin Bahaushe kuwa ba wurin neman labarin ciwo ba ne. Na ga kawuna a kan gadon da ya rasu, ana ce masa ya jiki yana cewa da sauƙi. Balle baƙo, wanda aka ba ɗaki aka ware masa tukunya, ya buɗe baki ya ce wa dattijo wai kafaɗarsa na ciwo.

Na fara wasa, na kuma yi kyau. Mutanen garin suka fara cika benci don su ga baƙin mutum mai jifa. Yara na bi na a titi suna taɓa hannuna su ruga. Kada a ɗauka wannan ya rage mini kewa. Ana tafa mini da rana, da yamma in hau ɗakina in zauna ni da bango. Wayar salula ta shigo Kura a lokacin amma Baba ba shi da ita, sai in sayi kati in kira wani mai shagon waya a bakin tasha, a aika a kira shi daga ƙauye, in sake kira washegari. In ya zo, gaisuwa ce take cinye katin. Ya ruwa, ya tumatir, an ce bana ya yi kwantai a kasuwar Kwanar Gafan, ya su Inna. Kafin layin ya yanke yakan ce, "Ya hannun?" In ce, "Lafiya lau, Baba."

Mai kulob ɗin wani attajiri ne mai kantuna a garuruwan yankin, mai fara'a, kullum yana dafa mini baya. Shi ya fara zuwa da motarsa ranakun da Baba Shiru ya ba ni hutu, ya kai ni harabar kantinsa, a kafa raga da wata na'ura mai auna gudun ƙwallo, masu sayayya su taru ina jifa suna ihu in lambar ta hau. Ba ɗumama jiki, ba mai ƙirgawa. Na san tsohon bai sani ba, na kuma san ba zai so ba. Amma mai gida ne ya ce in yi, kuma ban ga yadda yaro zai ɗauki maganar wani babba ya kai wa wani babba ba. A wajenmu sunan wannan haɗa husuma.

Ciwon ya fara kamar tsinke a bayan kafaɗa. Daga baya sa riga ya zama aiki. Na koma ɗaukar buta da hagu. Da safe Baba Shiru ya dafa ya ce ya take, in cije in ce lafiya, kaina a ƙasa. Ana cikin haka labari ya zo cewa masu farautar 'yan wasa daga wani babban kulob za su zo ranar Lahadi musamman don su gan ni. Mai kulob ya buga hotona a kantunansa, kujeru suka ƙare. Na ce a raina wasa ɗaya ne, in na daure na wuce shi, in na shiga babban kulob su da likitoci, sai a gyara. Na riga na gina wa Baba ɗaki da bulo a cikin kaina, na saya masa injin ban ruwa.

A bayan ɗakin ajiyar kaya nake salla, a kan kwali. Tun zuwana Baba Shiru ya lura ba na son a gitta ta gabana, sai ya riƙa jawo kujera ya zauna can gefe yana shan taba a lokacin la'asar, duk wanda ya nufo ya kaɗa masa hannu ya sauya hanya. Bai taɓa tambayata abin da nake faɗa ba. Ni kuma har na saba, in na ji warin tabarsa sai in ji kamar ba ni kaɗai nake salla ba.

Ranar Juma'ar da ta gabaci Lahadin, na sallame na gan shi tsaye a kaina, tabar ta mutu a hannunsa. A lokacin na ɗan iya harshensu, shi ma yana sassauta mini. Ya ɗaga hagunsa zuwa kunne yadda muke kabbara, ya ce, "Da, duka biyun nan suke zuwa." Sannan ya nuna damana, ya sa hannu a daidai ƙirjinsa. "Yanzu wannan nan yake tsayawa. Tun yaushe?"

Wallahi ban san ina yi ba. Hannun ne da kansa ya daina hawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na gaya masa komai, har da harabar kanti. Bai yi faɗa ba. Fuskarsa ce ta canza, kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ya sunkuya ya ɗauki safar hannuna, ya zare ƙwallon da ke ciki ya sa a aljihu.

"Ba za ka yi jifa ranar Lahadi ba."

Na roƙe shi. Na durƙusa har ƙasa na kama ƙafarsa, abin da ya ba shi kunya ƙwarai. Da roƙo ya ƙi, sai zuciya ta ɗebe ni, na miƙe na dube shi ido cikin ido, karo na farko. Na zazzaga masa da Hausa, na ce na sha sanyi a kwantena, na farke injin mota, na bar tsohona da gona, yau da ƙofa ta buɗe shi zai rufe don baƙin ciki, don nasa hannun ya mutu. Allah ya sa bai ji ba. Da harshensu kuwa abin da na iya cewa shi ne, "Wasa ɗaya. Ɗaya kawai."

Ya cire rigar sanyinsa ya ajiye a kujera. Ya yi ƙoƙarin kai damansa kunne. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, hannun na rawa, ya zo ƙirji ya tsaya. Ya ce, "Ni ma ɗaya na ce." Ya mai da rigarsa a hankali. "Babanka me yake yi?"

"Noman shinkafa."

"In ka koma, da wane hannu za ka taya shi?"

Ban taɓa gaya masa maganar aro ba. Na koma na zauna a kan kwalin.

Washegari shi ya kai ni asibiti a jirgin ƙasa. Likita ya ce jijiyar ta fara yagewa amma ba ta tsinke ba. In an huta za ta haɗe, hannu zai yi aikin duniya, amma wannan gudun ƙwallon an yi bankwana da shi. In kuwa aka ƙara matsa mata, sai abin da Allah ya yi. Ranar Lahadi na ji mai kulob yana ihu a ofis har waje, Baba Shiru na tsaye a gabansa ya sunkuya. Aka sa wani yaro ya yi jifa, aka lallasa mu. Baƙin babban kulob ɗin suka tashi tun wasa bai kai rabi ba. Kafin sati ya zagayo kowa ya san an gaya wa tsohon ya ƙarasa kakar bana ya kama gabansa.

Sauran watannin nan su ne mafi kaɗaici a rayuwata. 'Yan wasa suka janye jiki, wasu na ganin ni na jawo wa kocinsu, wasu na ganin shi ya jawo wa kulob. Yaran titi suka daina bi na. Ni da shi muka koma ƙarshen benci, tsakaninmu da saura akwai wurin zaman mutum uku. Kuma ko shi ɗin ba na yi masa magana, ina gaishe shi dai don tarbiyya. Zuciyata ta daɗe ba ta huce ba, ba zan ɓoye ba.

Shi ya fara. Wata rana ana wasa ya zungure ni da gwiwar hannu, ya nuna mai jifan abokan karawarmu, ya ce, "Me ka gani?" Na ce ina ganin mutum yana jifa. Ya ce in dubi ƙafarsa ta gaba, ta fara sauka a karkace, ya gaji, yanzu za a doke shi. Kafin ya rufe baki aka ɗaga ƙwallon har bayan katanga. Daga ran nan kullum sai ya ce me na gani. Ya koya mini kallon yadda yaro ke ɗaga gorar ruwa, da hannun da yake fara zurawa a riga, da yadda yake rataya jaka in an tashi. Ya ce, "Kada ka tambayi baki. Baki yana jin kunyarka. Jiki ba ya jin kunyar kowa." Wata rana ya miƙo mini ɗan ƙarfen ƙirgan ya ce in riƙe masa, bai sake karɓa ba.

Ranar da zai bar garin, an riga an yi masa sallama a ofis, an sunkuya an ba shi fure, a wurinsu an gama ke nan. Na je tasha na same shi shi kaɗai da jaka ɗaya. Mutumin da ya ba wasan nan duk rayuwarsa. Na kai hannu zan ɗauki jakar ya ce, "Da hagu." Jirgi ya zo, na shiga tare da shi. Ya dube ni ya ce ina za ni. Na ce rakiya ce, a garinmu ba a barin babba ya fita shi kaɗai, ko ba komai a taka masa zuwa bakin gona. Ya gyaɗa kai. Muka wuce tasha ɗaya, muka wuce ta biyu, gonakin da aka girbe suna wucewa ta taga. Da muka kai inda teku ke ɓacewa ya ce, "Ya isa. Koma." Ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙwallon da ya ƙwace mini ranar Juma'ar nan ya ba ni. Na sauka. Da jirgin ya motsa na hango shi ta gilashi yana son ya ɗaga mini hannu. Hagunsa na riƙe da ƙarfen jirgi, sai ya ɗaga daman, iya ƙirji.

Na dawo gida da jaka ɗaya, safar hannu, ƙwallo da ɗan ƙarfen ƙirga. 'Yan acaɓan tashar Kura suka yi ta tsiya, "Ɗan Japan, ina motar? Ko tana kan ruwa?" Na sami Baba a gona yana buɗe wa fangali ruwa, ya rame, ya ƙara duƙawa. Bayan mun gaisa ya kama damtsen ya matsa, ya ce in ɗaga. Na ɗaga har sama.

"An rage shi?"

"An rage, Baba. Jifan ya tafi."

"Jifa aikin yara ne. Noma fa?"

"Zai yi."

Ya miƙo mini fartanyar da ke hannunsa, ya koma kan gaɓa ya zauna yana kallona na datse ruwan na buɗe wa fangali na gaba. Can ya ce, "To, sun cika alkawari. Wa ya tsare mana shi?" Na ce wani tsoho ne, kuma aikinsa ya rasa a kan haka. Baba ya ce, "Mutumin kirki. In kun yi waya ka ce ina gaishe shi."

Na kira gwaggo mai abinci, ta ce ba wanda ya san garin da ya koma. Na kira sau da yawa bayan nan har lambar ta daina shiga. Hannun ya yi noma damina da rani, shi ya aurar da ƙannena, kuma da shi na ɗauki makarar Baba.

Yanzu ni ne kocin besbol na yaran wasu makarantu a nan wajenmu. Filinmu na ƙwallon ƙafa ne, kulkinmu biyu, ɗaya an ɗaure shi da waya. In an sami mota mukan je gasa kudu. Akwai masu hannu a cikinsu, 'yan gadin tsuntsu irina, kuma ban taɓa tambayar ko ɗaya ya kafaɗa ba, don na san amsar. In la'asar ta yi muka jeru a gindin darbejiya, ƙarshen sahu nake tsayawa, in ɗan jinkirta har in ga hannuwansu sun tashi. Wanda na ga nasa ya tsaya a hanya, bayan an sallame sai in zare masa ƙwallo in sa a aljihu. Yakan ɗago ya dube ni da jajayen idanu, kallon da na sani sarai.

Sai sun gama ɗagawa nake tawa kabbarar. Hannuwana biyu suna kaiwa kunne. Gaisuwar Baba kuwa tana nan a wurina har yau, ban sami inda zan kai ta ba.